Wani Ya Tashi Daga Rana

Ba zan rubuta sunansa ba. Na iya haruffan, don da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci har hannuna ya faɗa, amma ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. 'Yan yanzu in sun ji haka sai su kwashe da dariya, wai ƙauyanci. Su yi ta yi. Ni dai haka na taras, haka kuma na yi, in ban da wani ɗan tsakani da zan ba da labarinsa yanzu.

Mu Sarkawa ne, masunta. A wani gungu, wato tsibiri, muke zaune a tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yelwa, mu da Gungawa masu noman albasa a bakin ruwa. Can aka kai ni ɗaki ba da daɗewa ba bayan an sami 'yancin kai, can kuma na haife shi. Uwar mijina yayar babana ce, don haka Gwaggo nake ce mata. Ranar da aka yaye shi ta saɓa shi a baya ya koma ɗakinta, shi ke nan. Ba na ɗaukarsa, ba na yi masa wasa, ba na dubansa ido cikin ido in da mutane. A gidan masunta kuwa yaushe ne babu mutane?

Kada wani ya ce ba na son ɗana, sai mu ɓata. Aikina banda ne. Wuni nake a gaban murhu, na ba tsakar gida baya, ina juya tarwaɗa a kan raga, hayaƙi na cin idona. Shi kuma sai ya zo ya zauna can bayana yana wasa da ƙasa. Ba na juyowa, amma na san inda yake kamar yadda na san inda ƙafata take. In rana ta iso shi sai in ce wa wuta, "Wani ya tashi daga rana, ko sai na ɗauko muciya?" Sai in ji ya ja gindi ya koma inuwa. In kifi ya nuna in ɓalle wutsiya in wurga ta baya ta ƙarƙashin hammata, in ce, "Kaji, ga naku." Kaza ba ta taɓa riga shi ba. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Sai maganar dam ta zo. An daɗe ana cewa za a tare Kwara a Kainji, ruwa ya dawo baya ya cinye gungunmu. Tsofaffi suka ce wa ya taɓa ɗaure kogi? Ni ma da bakina na ce in an tare Kwara a zo a tare bakina, har mata suka yi shewa. Sai ga shi an gina mana gidajen siminti a kan tudu, an ce mu tashi. Muka yi ta jan ƙafa har ruwa ya fara lasar gonakin albasa, sannan kowa ya rikice. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a ranar muka fafe namu.

Ranar kwasar kaya maza suka cire jinkar rumbu za su ɗora a jirgi. Yaro ya ga rumbu a buɗe, abin da bai taɓa gani ba, ya taka turmi ya hau bakinsa don ya leƙa. Lokacin ko famfara bai fara ba. Dutsen niƙa kuma yana gindin rumbun ana jira a ɗauka. Ban ga faɗuwarsa ba, na ba shi baya kamar kullum, ina ɗaure tukwane. Ƙarar kawai na ji, irin ta kabewa in ta faɗo daga kan ɗaki. Bai yi kuka ba. Rashin kukan ne ya sa na juya.

A nan na kama sunansa. Na ƙwala shi har mutanen bakin ruwa suka ji, a gaban surukata, a gaban ƙannen mijina, a gaban kowa. Na sungume shi, jini na fita ta kunnensa, idonsa a kafe. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Riƙe shi, ɗiyata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Babansa da wani ƙaninsa suka tuƙa mu zuwa Yelwa. Ban tuna tafiyar ba. Abin da na tuna, filafili na shiga ruwa yana fita, ni kuma ina kallon wani ƙuda da ya sauka a zanena. Tun daga ranar wani abu ya ɗauke a jikina. Ina cin abinci, ina sallah, ina amsa gaisuwa, amma duk jikina kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Hawaye na zuba da kansu, ban san lokacin da suke farawa ba. Mutane suna ta cewa na yi ƙoƙari, ina da haƙuri. Haƙurin me? Ba na jin komai ne kawai.

Ya yi kwanaki a asibiti bai san inda kansa yake ba. Ni ke riƙe da shi a cinya, ina ɗiga masa ruwa da cokali, ina kiran sunan nan a kunnensa safe da yamma. Sunan da na kulle a baki tun ranar suna, sai ga shi ina watsa shi kamar ruwan wanki. Wata safiya ya buɗe ido. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya kai yana neman wani abu a bayana. Maganar farko da ta fito, da ƙyar, harshe a karye, ita ce, "Ina Inna?"

Na ce, "Ga ni. Ni ce."

Ya mayar da ido ya rufe.

Malamin asibitin, wani dattijo mai sanyin magana, ya zaunar da mu ya ce kan yaro in ya bugu haka abubuwa kan watse, su riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, wasu kuma ba sa dawowa. Ya ce kada mu matsa masa, mu kewaye shi da abin da ya sani, mu riƙa yi masa abin da ya saba. Magana ce mai kyau, Allah ya jiƙansa in ya rasu. Mu ne muka ɗauka kaya yake nufi.

Da aka sallame mu ba gungu muka koma ba, an riga an kwashe komai zuwa sabon gari. Gidaje a jere, duk iri ɗaya, rufin a lanƙwashe, da rana ɗaki ya ɗau zafi kamar tanda. Babba ma yakan faɗa gidan maƙwabci ya tarar da matar wani tana tuƙa tuwo, balle yaro mai fasasshen kai. Babu tsamiyar ƙofar gida, babu rumbu, babu ƙarnin bakin ruwa. Muka tattaro abin da ya rage mana, ƙoƙonsa na shan kunu, ɗan jirgin wasa da babansa ya sassaƙa masa, tabarmar Gwaggo, har akuyar gidan muka ɗaure a inda zai riƙa ganinta.

Suka yi ta dawowa kuwa. Gwaggo ya fara ganewa. Ta zauna kusa da shi tana ɓare goro, sai ya miƙa hannu ya ce, "Kaka, ɗan sam mini," yadda ya saba roƙonta. Babansa kuwa, yaron ya gane shi ranar da ya shigo da taru a kafaɗa. Akuya ma, Allah na tuba, akuya ya kira ta da sunan da shi ya laƙaba mata. Tafiya ta dawo, yana jan ƙafar hagu. Sabon abu ne ba ya zama a kansa. Abin da ya ci da safe ya manta kafin azahar, kuma kullum sai ya tambaya gidan wa muka zo. Amma tsohon yana fitowa tsaf, har ramin da ke bayan ɗakin Gwaggo inda kaza ke ɓoye ƙwai.

Ni ce kawai ban dawo ba. Ni da na bar banda, na bar komai, na tare a gabansa. Na riƙa wanka da sabulu mai ƙamshi don kada warin hayaƙi ya dame shi, na ɗaura zanen sallah, na sassauta murya. Ni fa! Matar da in ta tayar da faɗa a wannan gaɓa ana ji a waccan. In ɗora shi a cinya, in tallafi fuskarsa, in kira sunansa, in ce, "Dube ni da kyau, ni ce Innarka." Yana karɓar abinci a hannuna, ba ya ƙi. Yaro ne mai ladabi, har "na gode" yake ce mini. In ya ƙoshi sai ya zame ya je wurin Gwaggo ya raɗa mata, "Kaka, matar nan ta ce ita ce Inna." Gwaggo ta ce ai ita ce. Sai ya girgiza kai, irin na wanda manya suka haɗa baki suna yi masa wasa.

Mata suna shigowa dubiya, su ga yadda na rungume ɗan fari ina shafa kansa, su sunkuyar da kai, su fita su yi ƙus-ƙus. Da can ne da tsintsiya zan raka su. A lokacin ko a jikina. Akuyar nan kaɗai nakan zuba wa ido, in ce ke har kin fi ni.

Shi a lissafinsa an manta da Inna a gungu. Wai kowa ya shiga jirgi ita tana banda ba ta ji ba. Daga tudun kuwa ana hango ruwa yana ƙara faɗi kullum, yana cin gona, yana cin hanya. Sai ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Baba, mu tafi mu ɗauko ta, ruwa zai ci ta." Baban ya saɓi filafili ya fice, namiji ne, a waje yake kukansa. Wata rana da hantsi muka neme shi muka rasa. Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta kawo shi a jiƙe har ƙirji, ta ce a cikin ruwa ta tsamo shi, yana tafiya yana jan ƙafa, wai gida za shi.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. An yi rubutu ya sha, an yi turare. Wata tsohuwar Bagungiya maƙwabciyarmu ta ce a kai shi inda ya faɗi, a ɗebo ƙasar wurin a jiƙa masa, don abin da ya zube daga kansa yana nan a wurin. Babansa ya ce wace ƙasa kuma, ai sai dai a yi nutso. Ni na nace. Na ce ko ba a sami ƙasa ba, ya gani da idonsa babu kowa a can, ya daina nufar ruwa.

Muka tafi mu uku a jirgi. Ban gane hanya ba, ni da aka haifa a kogin nan. Babu gaɓa, babu duwatsun da muke shanya a kai, ruwa ne shimfiɗe ko gudu ba ya yi. Babansa ya yi ta bin kawunan giginya har muka iso tsamiyarmu, saura rassan sama, ganyen ya fara rawaya. Ya tsayar da jirgi ya ce, "Nan ne." Na leƙa. Ba a ganin komai, ruwa ne mai launin koko. A ƙarƙashinmu akwai ɗakin da na haihu a ciki, da murhuna, da kabarin babana. Na jira in ji wani abu, ban ji ba.

Yaro ya gane tsamiya. Ya kama bakin jirgi ya sunkuya, ina riƙe da ƙugunsa, ya ƙwala kira, "Inna!" Ya saurara. Ya sake kira. Hannuna biyu suna jikinsa, shi kuwa ruwa yake kira. Babansa ya nutsa gorar tuƙi ko zai taɓo ƙasa, gorar ta shige duka ba ta taɓa komai ba. Muka juyo gida.

Daga ranar bai sake tambaya ba, bai kuma sake nufar ruwa ba. Abin da na nema na samu. Sai dai ya daina cin abinci. Ya zauna a jikin bango ya zuba ido, in an sa masa loma ya riƙe ta a kumatu har ta narke. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta miƙa masa goro ya kau da kai. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce wa Gwaggo ruwa ya ci Inna. Ɗana yana zaman makokina a gabana, ni kuma ina miƙa masa kunu ina murmushi. Na duba na ga in aka ci gaba a haka bin Innar tasa zai yi.

A shekarar kifi ya yi yawa, don ruwa ya shiga daji ya ba su abinci. Wata safiya babansa ya dawo da tarwaɗa cike da jirgi, ga zafi, kafin gobe za ta ruɓe. Ba mai yin banda a gidan sai ni, Gwaggo idonta ya daina ɗaukar hayaƙi. Ban yi shawara da kowa ba, ban kuma shirya wata dabara ba, kada a ba ni wayon da ba ni da shi. Gajiya ce kawai. Na gaji da murmushi, na gaji da sanyin murya, sunan ma na gaji da shi. Na tuɓe zanen sallah na ɗaura tsummana, na jera duwatsu a gefen ɗakin siminti na ɗora raga, na hura wuta, na ba duniya baya.

Na yi ta juya kifi har rana ta take. Hayaƙi ya shiga gashina da zanena, gumi na tsiyaya. Can jikina ya gaya mini yana bayana, kuma inuwar bango ta janye ta bar shi a fili. Bakina ne ya yi maganar, ba ni ba. Na ce wa wuta, da tsohuwar muryata ta faɗa, "Wani ya tashi daga rana, ko sai na ɗauko muciya?" Hannuna ya ɓalle wutsiya ya wurga ta ƙarƙashin hammata. "Kaji, ga naku."

Sai na ji jan gindi a ƙasa, an koma inuwa. Sai kuma na ji tauna.

"Inna."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, ba kuma tambaya ba ce. Yadda ya saba faɗa ne in yana son ƙari.

Wuyana ya fara juyawa. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kul kinka juya."

Na mayar da fuskata cikin hayaƙi.

Ya ce, "Inna, ina kinka tafi?"

Na ce wa wuta, "Wani ya cika tambaya. Itace na tafi nema."

"Kin daɗe."

"Dajin da nisa."

Ya tsotsi ƙaya. Sannan ya ce, "Wata mata ta zo. Ta yi ta riƙe ni tana kuka. Ta san sunana."

Na ce, "Allah ya saka mata."

"Ina take?"

"Ta koma garinsu."

Na ɓalle wata wutsiyar na wurga. Idona ya cika da ruwa, amma kowa ya san banda da hayaƙi. A lokacin ne ƙafar nan da ta mutu ta fara dawowa, kuma duk wanda ya taɓa danne ƙafarsa ya san dawowar ta fi mutuwar ciwo. Na so in juya in cusa shi a ƙirjina har sai ya yi ƙara. Wallahi na so. Sai na sa hannu na juya tarwaɗa.

Ya ci tuwo a ranar, har ya nemi ƙari. Sannu a hankali ya saba ganin fuskata ta gefe, a murtuke, cikin hayaƙi, ya yarda ta Inna ce. Amma bai taɓa haɗa ta da ta waccan matar ba. Gwaggo ta hana kowa gaya masa, ta ce ɗinkin sabo ne, kada a ja zare. Daga baya kunya ta koma mazauninta, babu mai iya tayar da zancen lokacin da uwa ta yi ta rungumar ɗan fari a bainar jama'a. Zanen sallar na ba ƙanwata. Sunan kuma na mayar da shi inda yake.

Ya girma. Har yau yana ɗan jan ƙafa, mantuwa ma ba ta sake shi duka ba, yakan ajiye abu ya wuni yana nema. Gyaran injin jirgi yake yi a Wara, da 'ya'yansa har da jikoki. Gungunmu kuwa ya fi mu tuna shi, yakan zana wa yaransa a ƙasa inda tsamiya take da inda rumbu yake. Faɗuwar da zaman asibiti duk sun shafe masa, sai abu guda.

Shekarar da ya fara samun na kansa ya zo gaishe ni. Ya durƙusa daga bakin ƙofa yadda ɗan fari ke yi, ni ina kallon bango. Ya turo ƙunshi biyu ya ce, "Inna, wannan naki ne. Wannan kuma na matar nan ne da ta yi jinyata ina yaro. Fuskarta ta ɓace mini, amma ina tuna hannunta, da yadda take kiran sunana. Ba wanda ya taɓa kirana haka. In akwai mai zuwa garinsu a kai mata."

Na ce wa bango, "Wani ya ajiye, za a kai."

Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye. Tawa na ɗaura ta har ta zama tsumma. Tata tana ƙasan adakata, ko ninkin ban warware ba, don in na ɗaura zai gani.

Da ya dawo wata sallah, bayan gaisuwa, ya ce, "Inna, saƙon nan ya isa kuwa?"

Na ce ya isa, ta gode, ta sa albarka.

Ya ɗan yi wasa da gefen tabarma. Sannan ya ce, "Ta tuna sunana?"

Na ce wa bango, "Ta tuna."